Akawun Mayanka da Tarinsa na Kwana Goma Sha Uku

Malamin aji uku ne ya laƙaba masa Sakin Layi, sunan kuwa ya bi shi har furfura. Shi tun yana ɗan ƙanƙane ba ya iya magana sai kashi-kashi. Gwaggo, wato mahaifiyarsa, ta taɓa aikensa sayen gishiri, ya dawo hannu wofi ya toge a bakin ƙofa, ya ce, "Na ɗaya, mai kantin ba ya nan. Na biyu, ƙanensa yana nan. Na uku, ƙanen bai san inda gishiri yake ba. Na huɗu…" Kafin ya kai na shida miya ta ƙone, tukunya ta kama, maƙwabta sun fito da bokitan ruwa. Mu 'ya'yan kawunnansa tun ranar muka yanke hukunci: wannan ba zai yi kuɗi ba, ba zai yi ƙiba ba, takarda ce za ta cinye shi.

Ta kuwa cinye shi. Shekara ashirin da bakwai ya yi yana akawun mayanka.

Ofishinsa wani ɗan ɗaki ne tsakanin wurin fiɗa da famfon wanke tumbi, wanda in zai yi miƙa sai ya fito waje tukuna. Tebur ɗaya, kujera mai ƙafa uku da bulo a madadin ta huɗu, durowa mai kwaɗo, kwalbar gam, sai hatimi biyu da yake ajiye wa likitar dabbobi: shuɗi na naman da ya tsira, ja na wanda za a ƙone. Aikin da aka ɗauke shi dominsa rubuta lambar kunnen shanu ne. Aikin da ya ɗora wa kansa, wanda ya tsotse shi har ya koma kamar raken da aka gama sha, shi ne bin dokokin gwamnati a kan tarin fuka.

Wannan ciwo, kamar yadda yake faɗa wa duk wanda tsautsayi ya zaunar kusa da shi, yana kama mutum, yana kama saniya, yana kuma iya tsallakawa daga wannan zuwa wancan. Shi ya sa ma'aikatu biyu ke aiko masa da takardu, ta lafiyar mutane da ta dabbobi, su biyun kuwa ba sa ga maciji da juna. Yau ɗaya ta ce ma'aikaci ya yi gwajin kaki sau ɗaya a shekara, bayan wata huɗu ta ce a'a, duk wata shida. Ɗayar ta ce kada saniya ta shigo sai da takardar allurar gwajin wuya. Ya gama koya wa mutane ke nan, sai ta ce an canja launin takardar. Akwai shekarar da ɗaya ta ce huhun da aka samu da ciwo a ƙone shi, ɗayar ta ce a binne. Sakin Layi ya yini riƙe da kai, daga ƙarshe ya sa aka ƙone, aka binne tokar, ya rubuta wa kowace ma'aikata cewa an bi umarninta.

Bangon dama na mutane ne, na hagu na shanu. In sabuwar doka ta zo, sai ya shafa gam ya liƙa ta a kan tsohuwa, don ya ce yage takardar gwamnati rashin kunya ne. A haka bangunan suka yi ta kumbura suna matso shi, har ɗakin ya ragu da taku guda. Da zai ƙara shekara goma, sai dai a zaro shi ta taga.

Kowace Litinin, kafin a kayar da saniyar farko, yakan kifa bahon ƙarfe ya hau, ya gyara tabarau, ya karanta wa mahauta abin da ya shigo a makon, ya bi da tsofaffin dokoki don kada a manta, sannan ya kira waɗanda abin ya shafa. Mahauta na wasa wuƙa suna hamma. Babbansu, wani ƙato da ake ce wa Gatari, shi ne mai tanka masa.

"Akawu, don Allah yau a taƙaita. Shanun nan sun fara tsufa a tsaye."

"Sakin layi na uku," in ji shi, ko kallon Gatari bai yi ba. "Duk ma'aikacin da ya yi tari kwana goma sha huɗu a jere, a kai shi gwaji."

"Mun haddace. Ko saniyar can ka tambaya za ta biya maka."

Gatari yana da bakin tsiya, amma ba ya ƙetare maganar Akawu, don shekara tara da suka wuce wannan sakin layin ne ya ceci ransa. Sakin Layi ya ji shi yana tari, ya riƙa ɗiga masa alama a kalanda shi bai sani ba. Ran na goma sha huɗu ya tare ƙofa da jikinsa kamar sillen tsintsiya, ya ce Gatari ba zai taɓa wuƙa ba sai ya je asibiti. Gatari ya rantse zai naɗe shi ya sa a aljihu. Ya dai je. Aka samu ciwon, ya sha magani wata shida, ya dawo ya fi da, har sai da aka ƙara wa ƙofar mayanka faɗi.

To, saura wata takwas ya yi ritaya, sai tari ya zo wa Sakin Layi da kansa.

Da farko ya ce gam ne. Daga baya ya ce tawadar jan hatimi ce. Amma shi mutum ne mai bin doka, don haka ya ciro kalandar aljihu ya fara ɗiga wa kansa alama kamar yadda yake yi wa kowa. Ya yi goma. Ran na goma sha ɗaya ya sha ruwan zafi da zuma, ya yini yana haɗiye tarin har idonsa na hawaye, bai bari ko ɗaya ya fito ba. Da yamma ya dubi kalanda. Doka ta ce a jere. Yau ba a yi ba. Ya ja layi, washegari ya fara daga ɗaya.

Haka aka yi ta yi. Ya kai tara, ya koma ɗaya. Ya kai goma sha biyu, ya koma ɗaya. Sau biyu yana kaiwa goma sha uku, ran na goma sha huɗu ya ƙi magana da kowa, ya cika baki da alewar tari, ya sandare a kujera kamar wanda ya haɗiyi taɓarya. Wata huɗu cur bawan Allah yana tari, amma a rubuce bai taɓa cika mako biyu ba.

Ba wai bai san abin da yake yi ba. Ya sani sarai. Mutumin da ya shekara da shekaru a bayan likitar dabbobi yana kallo tana tsaga huhu, ya ga ƙulle-ƙullen nan masu ruwan ɗorawa da wuƙa ke ƙara in ta ratsa su kamar ta shiga yashi, ba ya marmarin a leƙa nasa. Ga sakin layi na bakwai, shi ma da hannunsa ya liƙa shi: wanda aka samu da ciwon ya bar mayanka sai likita ya sa hannu. In ya tafi, wa zai karɓi takardu? Za a turo wani mai kwamfuta ya kankare bangunan nan a yini ɗaya. Kuma gaskiyar magana, ya gaji. Irin gajiyar da ko tunanin layin asibiti ba ya son yi. Wata takwas ne kawai, yake ce wa kansa. In na miƙa makulli, su duba har hanta.

A gida kuwa akwai wadda ba ruwanta da sakin layi. Jikarsa ce, ɗiyar 'yarsa, shekararta huɗu. Uwarta tela ce, takan ajiye ta wurin kakanni da safe, ta ɗauke ta in ta rufe shago. Balbela ake ce mata, don yadda take bin kakanta ƙafa da ƙafa kamar yadda balbela ke bin shanu. Da ya dawo aiki da la'asar ya miƙe a tabarma, sai ta haye ƙirjinsa ta kwanta, hancinta cikin gemunsa. Shi kuwa ya san sakin layi na tara kamar sunansa: yaro ɗan ƙasa da shekara biyar da ke gida ɗaya da mai ciwon, shi ya fi kowa shiga haɗari. Sai ya riƙa kau da fuska in tarin ya taso, kamar iska ta san gefe.

Matarsa ba ta yi boko ba, amma tana da ido.

"Malam, matashin nan naka kullum da safe sai na shanya shi. Iyo kake yi cikin barci?"

"Zafi ake yi."

"Zafi ne ya sa ka ƙara wa bel ɗinka huda biyu? Wandon nan yanzu kai da maƙwabci za ku shiga, a samu wurin baƙo."

"Na ɗaya," in ji shi, "tarin bai cika kwanakin da doka ta…"

"Na biyu, ni ba mahauci ba ce, kar ka karanta mini. Tun ruwan farko nake jin tarin nan, ga shi har ruwa ya ɗauke."

Ya nuna mata kalandar. Ta dubi layukan da ya jajja, ta dube shi, ta ce, "Allah ya shirye ka. Kai ciwon ma sai ka tsaya masa lauya."

Ran wata Alhamis masinja ya kawo ambulan daga ma'aikatar lafiya. Shafi ɗaya ne. An soke sakin layi na uku. Daga yanzu duk mai aiki cikin dabbobi da ke tari, ko na kwana nawa ne, balle in yana rama ko gumi, a kai shi gwaji ba jira. In an samu ciwon, a gwada mutanen gidansa.

Sakin Layi ya karanta sau uku. Shekara ashirin da bakwai suna canja doka ba gaira ba dalili, yau launi, gobe lamba, jibi girman hatimi. Ran da suka tashi yin mai hankali, sai suka yi ta a kansa. Ya ɗauki kwalbar gam, ya ajiye. Ya jawo durowa, ya cusa takardar ƙarƙashin tsofaffin rasiɗai, ya datse kwaɗo. Bai taɓa yin haka ba tunda yake.

Likitar dabbobi ta leƙo, tana cire safar hannu. Sa'ar 'yarsa ce, takan girmama shi.

"Baba Akawu, na ga masinja. Wani sabon abu?"

"Ba komai, likita. Launi suka sake."

"Ba sa gajiya," in ji ta, ta wuce. Shi kuwa ya zauna yana jin durowar nan tana ƙuna a gwiwarsa kamar an zuba mata garwashi.

Washegari da la'asar ya shigo gida ya tarar ana dariya. Balbela ta kifa kwano ta hau, ta maƙala tsohon tabaraunsa a hanci, ta riƙe takardar kunshin sabulu a juye, tana karanta wa kaji doka.

"Na ɗaya, a daina kashi a tabarma. Na biyu…"

Sai ta duƙa, ta dafe ƙirji, ta kau da fuska gefe, ta yi tari. Irin nasa sak, har da ɗan nishin da yake yi a ƙarshe. Kakarta ta yi dariya har tana share hawaye da gefen zane. Shi ma ya yi, ta dole.

Wasa ya ƙare, Balbela ta sauko ta koma bayan randa tana jera murafan kwalba. Ba mai kallonta. Daga can ya ji ta sake tari, ɗan ƙarami, busasshe.

Ya miƙe zaune. Kwaikwayo ne ko na gaske? Mutumin da yake iya gane tarin mahauci ta cikin bango mai kaurin takarda ɗari uku, ya kasa gane wannan. Ya ciro kalanda, ya nemi gefen da babu layi, ya ɗiga alama. Ranar ya ce bayansa na ciwo, bai bari ta hau ƙirjinsa ba. Ta yi kuka har ta gaji.

Asabar ta yi tari sau biyu tana cin abinci. Ya ɗiga ta biyu. Lahadi uwarta ta kawo ta yini, ya kasa kunne tun safe har yamma, har kaza ta yi motsi sai ya zabura. Shiru. Ko ɗaya ba ta yi ba. Da suka tafi ya buɗe kalanda, hannunsa ya tafi da kansa zai ja layi, kamar yadda ya saba.

Biron ya tsaya a sama.

Ya tuna kalandar Gatari ta shekara tara da suka wuce. Shi ma Gatari ya yi ranakun da bai yi tari ba, biyu ko uku, ya kuwa ƙirga su duka bai ja masa layi ba, don ya san ciwo ba ya tafiya hutu. Bai taɓa ja wa kowa layi ba sai kansa. Yanzu ga hannunsa zai ja wa 'yar shekara huɗu. Ya rufe biron, ya daɗe zaune har matarsa ta tambaye shi ko suma ya yi a zaune.

Litinin ya riga mai shara zuwa. Ya buɗe kwaɗo, ya shafa gam, ya liƙa takardar a bangon dama, ya danne ta da tafin hannu. Da mahauta suka taru ya hau baho. Hawan ma sai da ya huta a tsakiya, kamar mai hawan dutse.

"Akawu, yau dai…" Gatari ya fara.

"An soke sakin layi na uku."

"Kai! Shekara tara ina haddarsa, ashe asara na yi?"

Sakin Layi ya karanta sabuwar doka. Yana kaiwa "ko na kwana nawa ne", tarin da ya yi wata huɗu yana haɗiyewa ya ce yau sai a biya shi hakkinsa. Ya turnuƙe shi, ya duƙar da shi, bahon na ƙara a ƙarƙashinsa, tabarau ya faɗi. Wuƙaƙe suka daina kuka a kan dutse. Ko shanun suka yi tsit. Da ya samu numfashi, ya miƙe ya goge baki.

"Waɗanda abin ya shafa," in ji shi. "Na ɗaya, akawu."

Aka jira.

"Na biyu fa?" in ji Gatari.

"Babu na biyu."

"Yau kuma? Lalle ba ka da lafiya." Gatari ya ajiye wuƙa. "Mun fi wata uku muna jin ka ta bango. Muka ce ai shi ne mai ƙirga, in lokaci ya yi zai faɗa."

"Ina ƙirgawa."

"Ka kai nawa?"

"Goma sha uku. Sau biyu."

Gatari ya dube shi, ya dubi sama, ya tafi famfo ya wanke hannu har gwiwa. Ya dawo ya sauke shi daga kan baho da hannu ɗaya kamar buhun auduga. "Ni ka tare wa ƙofa, ko? Yau in ka yi gardama, aljihun nan da na yi maka alkawari yana nan."

Kafin su fita Sakin Layi ya miƙa wa likitar dabbobi makulli da hatimi biyu. "Likita, ran Alhamis ba launi suka sake ba."

"Na gani, Baba. Je ka kawai."

A asibiti suka yi layin da ya ishi mutum ya yi aure ya haihu. Nas ta tambaye shi tun yaushe yake tari. Ya ce, "A rubuce ko a zahiri?" Gatari ya ce, "Rubuta wata huɗu, 'yar'uwa, kar ki biye masa, za mu kwana nan." Aka karɓi kaki, aka ɗauki hoton ƙirji. Bayan kwana biyu sakamako ya fito: ciwon ne, ya kuma yi zaman dirshan.

Sai aka kira mutanen gida, kamar yadda takardarsa ta ce. Wannan jiran shi ne ya fi masa tsawo duk rayuwarsa. Yana zaune can ƙarshen benci da takunkumi a baki, yana hango Balbela a cinyar uwarta tana lilo da ƙafa. 'Yar tasa ba ta dube shi ba tun safe, wanda ya fi masa zagi ciwo. Da likita ya fito ya ce ƙirjin yarinya fes yake, mura ce da iya shege, Sakin Layi ya so ya ce wani abu kashi-kashi, na ɗayan ma ya ƙi fitowa. Amma likita ya ce tunda ta daɗe tana shaƙar numfashinsa, za ta sha maganin kariya na wasu watanni. Magani mai ɗaci. Har yau in za a ba ta sai ta nuna shi da yatsa ta ce, "Kaka ne ya jawo."

Shi kuma nas ta ba shi ƙwayoyi da kati mai ɗakuna-ɗakuna, kowace rana ɗaki ɗaya, wata shida. Ta ce, "Baba, ba tsallake. In ka yi wasa da shi, sai mu koma daga ɗaya."

Matarsa ta miƙa hannu ta warce katin. "Ba ni nan, 'yata. Wannan gwanin komawa ɗaya ne. Har biron ma ni zan riƙe."

Makonnin farko a tsakar gida ya yi su, inda iska ke kaɗawa. Matarsa ta ja layi da gawayi daga randa zuwa akurkin kaji, ta ce Balbela ba za ta tsallaka ba. Yarinyar takan tsaya da yatsun ƙafa daidai kan layin, ta yi ta kallonsa, shi yana kallonta. Ran da likita ya ce ya daina yaɗa ciwon, ba ta jira an gama bayani ba. Ta murje layin da ƙafa ta haye ƙirjinsa, ƙirjin da yanzu ana iya ƙirga haƙarƙarinsa daga bakin titi.

A haka Gatari ya same su wata la'asar, ya shigo a karkace don ƙofar gidan ta yi masa kaɗan, riƙe da ambulan.

"Akawu, wata ta zo. Mun juya ta, mun juya ta, mun rasa bangon da za ta hau. Likita ta ce a kawo maka. Mai kwamfutar nan da kake tsoro har yau ba a turo shi ba."

Sakin Layi ya lalubo tabarau ba tare da ya motsa ƙirji ba, don Balbela ta yi barci. Ya karanta. Takardar allurar wuya ce, an mayar da ita launin da take da shi shekara shida da suka wuce. Ya sauke numfashi, dogo, ba tari a cikinsa.

"Hagu," in ji shi. "A kan tsohuwa. Kar a cika gam."

"Shi ke nan? Babu na biyu?"

"Na gaji, Gatari."

Ya lumshe ido. Daga bakin ƙofar ɗaki matarsa ta ce kar ya sake ya yi barci bai ci abinci ba, maganin gobe ba ya son cikin da ya kwana wofi. Katin yana soke a bakin zanenta, ɗaki arba'in da bakwai cike, ba layi ko ɗaya.